Karsanar Sunan Mu'azu

Shekara talatin da uku bayan Nasara sun ci Sakkwato, Di'o, Baturen mulki, ya aika wa gidajen sarautar ƙasar Wurno cewa kowane gida ya rubuto asalinsa: wa ya haifi wa, wa ya yi sarauta, wa ya rasu, wa ke raye. Ya ce da wannan takarda za a riƙa duba wanda ya isa rawani duk ranar da sarauta ta faɗi. Da farko mutane sun ɗauka irin tambaye-tambayen nan ne na Bature da ba su ƙarewa, kamar ƙidayar jakuna da rijiyoyi. Sai da anka ji cewa abin da ya shiga akwatin ƙarfen ofis ba ya sake fitowa a gyara shi, sannan kowa ya fara neman tsofaffinsa.

A gidan marigayi Sarki Abdulƙadiri, takardun asali ba su hannun mai sarauta. Suna cikin gafaka, jakar fata ta littattafai, a ɗakin ɗiyarsa, Modibbo Kulu, mace da ta kusa hamsin, ta binne miji, ba ta taɓa haihuwa ba, tana karantar da matan unguwa daga hantsi zuwa azahar. Mai riƙe da sarautar, Halliru, ɗan ƙanen ubanta ne. Ya yi boko a Sakkwato, hannunsa na da kyau a rubutu, amma magana in ta wuce uku sai ta gundure shi.

Ya shigo mata da takarda mai layi-layi, ya zauna bisa buzu. Tana karanto sunaye, yana juya su boko. Sunka bi kakanni lafiya lau, don matattu na nesa ba su da gardama. Sunka iso 'ya'yan Abdulƙadiri: huɗu sun rasu suna ƙanana, sai Kulu, sai auta, Mu'azu.

"Wanga ai sananne na, Yaya," in ji Halliru. "Ya rasu." Har ya ɗora alƙalami.

"Wa yaw wanke shi?"

"Yaya, ruwa sunka ci shi. Kowa ya sani."

"Wa yay yi mai salla? Ina kabarin?"

Halliru ya ɗaga alƙalamin, ya busa iska.

Abin da ya faru, iyakar wanda ba a musu a kansa, gajere ne. An haifi Mu'azu ana saura kwana goma sha biyu Nasara su iso. Uwarsa, wadda ita ce uwar Kulu, ba ta tashi daga haihuwar ba. Uban ya raɗa masa suna, ya tafi Sakkwato tare da mutanensa, bai dawo daga fagen yaƙin Giginya ba. Da labari ya iso Wurno gari ya watse. Kulu tana da shekara goma sha biyar, sabuwar amarya, dangin mijinta sunka yi arewa da ita. Jaririn kuma wata baiwar gidan, Sabuwa, ta goya shi ta bi masu yin gabas. Bayan wata huɗu Sabuwa ta komo, bayanta babu kowa.

Daga nan labari ya rabu biyu. Maroƙa, da yake ba su son yabo ya ƙare a kabari, sunka ce yaron ya bi masu hijira, yana can Gabas da rawani da almajiran karatu. Matan gida sunka ce ya suɓuce daga zanen goyo wurin ƙetare gulbin Rima. An daɗe ana faɗin na biyun har ya zama kamar aya. Ba wanda ya tsaya ya tuna cewa a tsakiyar bazara anka yi gudun, lokacin da akuya ke ƙetare Rima ba ta jiƙa gwiwa ba.

"Gurbi biyu gare ni," in ji Halliru, yana nuna mata layin. "Raye, ko rasu. Di'o na tahe rangadi bayan kwana ashirin."

"Sunan wa za a sa a shaida ƙasan takardar?"

"Naki mana. Ke ka riƙe da gafaka."

"To bar min gurbin ga buɗe, ranka ya daɗe. Kwana ashirin."

Ba ta cika ce masa ranka ya daɗe ba sai in ta riga ta yanke magana. Ya naɗe takardarsa ya fita. Ta san abin da ke damunsa: ɗan sarki na cikinsa, in yana raye, yana gaban ɗan ƙanen sarki a layin Bature. Nata abin ya fi wannan sauƙin faɗi. Ba ta da kowa da sunka fito ciki ɗaya sai wannan yaro da ta ɗauka sau biyu ko uku a duniya, kuma ba ta taɓa sa hannu a kan abin da ba ta tabbatar ba.

Da azahar ta sallami mata, ta ciro takardar da ubanta ke rubuta haihuwar 'ya'yansa. A ƙasan sunan Mu'azu akwai ɗan layi da ƙanƙanen rubutu: na ba shi karsana, Saye, mai tsagar gidanmu a kunne, tana hannun Lawwali makiyayi. Ta karanta layin nan ya fi sau ɗari, tana wuce shi kamar yadda ake wuce turmi a tsakar gida. Ran nan ta tsaya. Mutum na iya ɓata a bakin mutane, a ba shi uba uku da kabari biyu. Amma Bafillace in ka nuna masa saniya, zai gaya maka uwarta da uwar uwarta har sai ka roƙe shi ya yi shiru. Kuma karsanar suna ba ta rabuwa da mai ita.

An gama yankan gero, hanya ta bushe. Ta ce za ta kai ziyara ga ɗalibanta na ƙauyuka, abin da ta saba yi duk kaka. Ta sa malfa bisa mayafi, ta hau jaki, mata biyu na rakiya.

A Sisawa ta ishe Sabuwa, wadda ta daɗe da samun 'yanci ta auri manomi, zaune gindin rumbu tana ɓarar wake. Ta tsufa, haƙori biyu sunka rage mata, kuma ba su haɗuwa. Sunka gaisa, sunka yi ta'aziyyar mutanen da sunka shekara goma a ƙasa.

"Ɗiyar sarki bisa jaki," in ji Sabuwa. "Duniya ta yi kyau."

"Inna Sabuwa, ruwa nawa ag ga Rima shekarar gudu?"

Tsohuwar ta ci gaba da ɓarar wakenta har ta gama wanda ke hannunta.

"Shekara talatin ina jiran mai hankalin da zai yi tambayar ga. Ashe sai an yi karatu."

Ta ba da labarin ba tare da ado ba. Kwana biyu yaron na kuka a bayanta, babu mai shayarwa cikin ayarin da za ta karɓe shi, kowa na ta kansa. Ta ba shi ruwan gero, ya amayar. Kusa da Rabah ta hangi ruga, ta gane shanun gidan da tsagar kunnensu. Lawwali ne da matarsa Fatimatu, wadda ta yi haihuwar fari wata biyu da sunka wuce, namiji. Fatimatu ta karɓi jaririn ta sa shi a nono.

"Gulbin hwa?" in ji Kulu.

"Lawwali yac ce in ce hakanan. Yac ce Nasara na bin ɗiyan waɗanda sunka yi yaƙi. Ƙarya ta ko gaskiya, oho, wa as sani a lokacin? Nic ce ruwa. Uwayenki mata sunka yi ta zagina, ni kau ina ci da zagin." Ta watsa ɓawon wake ga kaji. "Da ƙura ta lafa nit tahi Rabah, nit tarar da toka da kashin shanu. Sun tashi. Sannan baffanki ya hau gado. In tahi in ce mai mi? Ga ɗan yayanka can cikin daji, sauka?"

Kulu ta ba ta goro da turmin zane. A ranta ta ajiye maganar a matsayin shaidar mutum ɗaya, wadda ta taɓa yin ƙarya a kan wannan batu da bakinta. Duk da haka ta fi ta gulbi nauyi.

Ranar kasuwar Gandi ta zauna a inuwa kusa da masu tallar nono, tana tambayar Lawwali. Ba ta daɗe ba ta gane rabin Filanin ƙasar Rabah Lawwali ne, sauran kuma 'ya'yan Lawwali. Sai ta bar sunan mutum. Ta ɗauki tsinke ta zana kunnen saniya a ƙasa: tsaga biyu a na dama, gutsure ɗaya a bakin na hagu. Matan sunka leƙo. Wata doguwa mai furfura ta ajiye ludayinta.

"Jikokin Saye ke nan. Suna Taloka, ƙasar Goronyo, garken Bube. Modibbo, ina kinka san su?"

Sunanta Hassana, ƙanwar Lawwali ce, kuma Lawwali ya shekara shida da rasuwa. Kulu ta ja ta gefe ta gaya mata kaɗan. Hassana ta mayar mata da mai yawa. Ta ce bayan gudu yayanta ya yi arewa da garken, can Adar, ya shekara tara yana guje wa jangali da tambaya. Yaran biyu aski ɗaya anka yi musu, laya iri ɗaya, kuma Lawwali ya hana a ambaci sunan baƙon ko da wasa. Ita tana gidan miji, ba ta sake ganinsu ba tun suna tsumma. Suna shekara huɗu ƙyanda ta shiga rugar ta ɗauki ɗaya. Ta yi tafiyar kwana biyar ta je gaisuwa.

"Nit tarar da Fatimatu tana kaɗa nono, idonta ƙeƙas. Ko ɗigo. Modibbo, kin san mu. Uwa ba ta kukan ɗan fari gaban mutane, kunya ta. Da ɗan riƙo na yam mutu, da ta yi birgima, wa zai hana ta? Wanda anka binne Bube na, ɗan yayana. Wanga da ka yawo da sunanai, naku na."

Kulu ta gyara mayafinta. Sannan ta tambaya, kamar mai tambayar farashin man shanu, ko Lawwali ya bar wasu 'ya'ya.

"Ko ɗaya. Shi kaɗai yak kwashe garke, mu 'yan'uwan mamaci muna kallo."

Nan Kulu ta ga ƙasan ƙwaryar. In Bube ba ɗan Lawwali ba ne, gado ya ɓata hanya, kuma Hassana na cikin waɗanda zai koma wa. Ba dole ne ta zama maƙaryaciya ba. Mai amfana da magana na iya faɗin gaskiya, sai dai alƙali ba ya karɓa daga bakinsa, kuma alƙalai sun san abin da ya sa. Ta sayi nonon Hassana duka don kada ta biyo ta.

Kwana biyu sunka yi kafin Taloka, ta cikin karan dawa da fadamun da ake shirin dasa albasa. Rugar na bayan gari a wata gona da anka girbe. Sun iso da la'asar, shanu na komowa daga mashaya. Kulu ta sauka ta tsaya bakin hanya, tana duban kunnuwa. Mafi yawa tsaga ɗaya gare su a tsaye. Amma jefi-jefi sai ga tsaga biyu a dama, gutsure a hagu: tsofaffi, karsanai, har da ɗan maraƙin da mikinsa bai gama warkewa ba. Tsagar gidan ubanta ke nan, wadda a Wurno ko akuya ba ta ɗauke da ita yanzu.

Mai garken na tafe a baya, sanda bisa kafaɗa, hannuwa rataye a kanta. Siriri ne, ba dogo can ba, da ɗan gemu. Ya ga malfa ya san malama ce, ya tuɓe takalmi ya durƙusa.

"Sannu da hanya, Inna Modibbo. A yi muna addu'a."

Ta yi masa. Tana yi tana dubansa ta ƙarƙashin mayafi, tana neman ubanta a fuskarsa. Sai ta tarar ba ta da abin gwadawa. Rubutun ubanta ta sani, ko cikin dubu za ta fitar da shi, amma fuskarsa shekaru sun cinye, saura rawani da murya. Ta ga kamar kunnuwan irin na gidansu ne, masu ɗan tashi. Sai ta tuna ta ga irinsu jiya a kan wani mai sayar da igiya.

"Tsaga biyu nika gani cikin garke ɗaya," in ji ta. "Riƙo aka ba ka?"

"A'a, duk namu na. Waɗanga ɗiyan Saye na." Ya nuna wata da sanda. "Wagga uwatta Wule, uwar Wule Nore, uwar Nore Saye ƙarama, ita kau ɗiyar Saye babba ta, wadda ban sani ba sai labari."

"Mi as sa tsagarsu daban?"

"Hakanan nit tarar. Mahaifina yac ce kada in sake ta, kada in sai da mace cikinsu, kada in biya jangali da su. Nit tambaye shi dalili, yac ce in na ga dama in tambayi saniyar." Ya yi dariya. "Na tambaye ta, Inna. Ba ta da kirki."

Ya kai ta bukkar uwarsa, ya tsaya nesa da ƙofa ya yi gyaran murya, bai shiga ba. Daga ciki wata murya ta ce da matarsa, wadda ke tsaye riƙe da ƙwarya, "Ce ma wancan ya ɗaure maruƙa, rana ta yi."

Kulu ta kwana biyu a rugar, tana koya wa mata alwala da abin da ke ɓata ta, tana kallo. Fatimatu ƙaramar tsohuwa ce mai kaifin ido. Ba ta taɓa kiran sunan Bube ba. In ya doso sai ta juya fuska ga bango. In tana cin abinci ya gitta, sai ta rufe da faifai. Saƙo tsakaninsu sai ta bakin wani, ko da suna jin numfashin juna. Kunyar ɗan fari ce cikakkiya, irin wadda ko a Filani an fara sassautawa. Ga wanda ke ƙasa an yi masa kunyar ɗan fari, in Hassana ta faɗi gaskiya. Ga wanda ke raye ana yi masa. Mace ɗaya, haihuwar fari ɗaya, 'yan fari biyu.

Ranar ta uku da hantsi, shanu sun fita, mata sun tafi tallar nono, Kulu ta shiga bukkar ta zauna. Ta juya harshe zuwa Fillanci don kada tsohuwar ta fake da rashin jin Hausa. Fatimatu ta amsa mata da Hausa.

"Tun da kinka tsaya kallon kunnuwa nis san ko ke wa ta. Tafiyar uwarki gare ki."

"To kin san abin da yak kawo ni, Goggo."

"Na shayar da biyu. Ɗaya dama, ɗaya hagu, in an jima su musanya."

"Wane ƙasa tad ɗauka?"

"Kin taɓa haihuwa, Modibbo?"

"Allah bai ba ni ba."

"To." Ta jawo ƙwarya ta fara goge cikinta da tafin hannu, ko da yake a goge take. "Ba ni ce maki ban sani ba. Uwa ba ta ɓata ɗanta, ko cikin duhu. Tsohuwa kamata kau ba ta yi ma malama ƙarya. Na sani. Mai gidana ya sani, ya tahi da nashi."

"Ƙanena na, Goggo. Ba ni da kowa."

"Na ji. Ke ma ji nawa, tunda ke ka karanta ma mutane hukunci." Ta kife ƙwaryar. "In nic ce wanda ka kiwo can ɗana na, naku ya mutu shina shekara huɗu. Ɗiyan Saye na wa na?"

Kulu ba ta buƙaci tunani ba. "Na magada. Rabi nawa, rabi na gidan baffana."

"Dogarai su zo su kore su. In kuma nic ce naku na, sauran garken, na mai gidana?"

"Ɗan riƙo ba shi gado. Sai a sake rabo."

"Hassana ta zo da igiya. Shi kuma ku kai shi Wurno ku naɗa mai ƙyalle, mutumin da bai iya zama cikin ɗaki ba, in ma ɗan'uwanku ya bar shi ya kwana lahiya." Ta dubi Kulu ido cikin ido. "Ko ta ina nib buɗa baki, rabin garkenai ya tahi. Shekara talatin ina neman magana ta uku, ban samu ba. Ni ba ni da karatu. Shi ya sa nir ruhe bakina, nib ba kowane kunyatai."

A waje wata maraƙa na kuka a turke.

"Amma ba ni hana ki hakkinki," in ji Fatimatu. "In kin ce in yi alwala in rantse, yanzu ni tashi. Ga buta can. Ba ni haɗiye rantsuwa saboda shanu. Ki ce, in hwaɗi."

Butar na nan bakin ƙofa, ta ƙasa, da ruwa a ciki. Tsakanin Kulu da abin da ta baro Wurno dominsa babu fiye da kalma biyu. Ta san ba wayo tsohuwar ke yi ba, in an ce ta rantse za ta rantse. Ta san kuma halin kanta: abin da ta ji da rantsuwa ba za ta iya rubuta wani abu saɓaninsa ba, ba za ta kuma iya ɓoye shi ga alƙali in ya tambaya ba. Mutane na cewa gaskiya ba ta cutar da kowa. Masu faɗin haka galibi ba su taɓa zama wurin rabon gado ba.

Kulu ta ɗauke idonta daga butar. Sannan ta tambaya, "Shina salla?"

"Ba ta wuce shi."

"Ɗiya nawa gare shi?"

"Ukku. Ta tsakiyar mai taurin kai ta, ba ta yarda da magana sai ta gani." Fatimatu ta ɗan karkata kai. "Ban san inda tag gado shi ba. Ni ma hakanan nike."

Kulu ta miƙe, ta ƙetare butar, ta ce da matan rakiya su ɗaura wa jaki shimfiɗa. A hanya sunka haɗu da Bube yana kora shanu zuwa fadama. Ya durƙusa, ya ce ta sa shi cikin addu'a in ta je hubbare, makwancin magabata a Wurno. Ta ce za ta sa. Ba ta sauke mayafinta ba, don ba ta san ko ya halatta ba, ba ta kuma ja shi ta ƙara rufewa ba.

Ta iso Wurno saura kwana uku rangadi. Halliru ya zo tun ba ta huta ba, da takardarsa da tawada.

"Yaya, raye ko rasu?"

"Rubuta mafƙudi."

"Mi ke nan kuma?"

"Ba su koya muku ba can? Wanda yab ɓace, ba a ga gawatai ba, ba a tabbatar shina raye ba. Shari'a ta ba shi suna tun kahin a haifi kakan Di'o. Ba a naɗa shi, don ba shi nan. Ba a raba abin da yam mallaka, don bai mutu ba. Duk abin da ag gare shi shina zama hannun wanda ka riƙe da shi, har ya cika shekara saba'in da haihuwa. Sannan alƙali ya yanke."

Halliru ya fara da abin da ya shafe shi, kamar kowa. "Ba a naɗa shi?"

"Ba a naɗa wanda ba a gani ba."

Kafaɗunsa sunka sauka. Sai ya duba takardar. "Bature ba shi da gurbin wanga."

"Sai ya yi. Tambayi alƙali in kana shakka. Ni dai a kan wanga kaɗai nika sa sunana."

Ya yi lissafi da yatsu, leɓɓansa na motsi. "Saura shekara talatin da bakwai. Yaya, sannan ba ke ba ni."

"Ba mu."

Ya tsoma alƙalami, ya tsaya, ya ɗago kai. Yau ɗaya maganar ba ta gundure shi ba.

"Tsakaninki da Allah, kin same shi?"

"Na isa inda aka tambaya," in ji Kulu. "Nij juyo."

Halliru ya sunkuya kan takardar. Ya ja layi ya haɗe gurbin biyu, ya rubuta kalmar a kansu, ya miƙa mata. Ta karɓi alƙalamin, ta sa sunanta da sunan ubanta a ƙasa, ta jira tawadar ta bushe sannan ta mayar masa.